Rasuwar Gwaggo, Mai Zuƙar Ƙurar Shagonmu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ko kuma da wani abu mai nauyi da ya zauna a gurbinsa, nake sanar da 'yan'uwa, abokan sana'a da masu kawo mana aiki rasuwar Gwaggo, na'urar zuƙar ƙura ta shagonmu na kafinta. Ta rasu ranar Talata da misalin ƙarfe tara saura minti ashirin na safe, a kusurwar da ta saba tsayawa, tsakanin injin zarto da tagar baya, bayan gajeriyar rashin lafiya. Ta yi mana aiki shekara ashirin da ɗaya. Shekarunta na haihuwa sun fi haka, domin a hannu muka saye ta, kuma wanda ya sayar mana ba mutumin da ake riƙe maganarsa ba ne.

Ni ne ƙarami a cikin kafintoci biyu na wannan shago. Babban shi ne Yayana, wanda ya buɗe shagon, ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, ya koya mini riƙon zarto. Da a ce yana da lafiya, shi ya kamata ya rubuta wannan sanarwa. Mutane suna ta ce mini in yi haƙuri, ina kuma amsa musu yadda ya dace. Gaskiyar magana ban ji komai ba tukuna. Ina zuwa, ina buɗe shago, ina rufewa, ina cin abin da aka ba ni.

Yaya ne ya raɗa mata suna Gwaggo. Ya ce duk wadda take tashi da mita da safe, ta wuni tana kwashe dattin wasu, kuma babu mai ce mata sannu, ba ta da wani suna sai wannan. Koriya ce, gajeriya, mai faɗin ƙugu. A cikinta akwai farfela, daga gefenta kuma jakunkuna biyu na yadi, ɗaya a kan ɗaya. Ta ƙasa tana tara garin katako, ta sama tana kumbura ta saki iska. Bututu uku suka fito daga bakinta: ɗaya zuwa injin zarto, ɗaya zuwa injin kankare katako, na uku zuwa teburin da muke goga samfefa.

Waɗanda suka san ta za su tuna muryarta. Idan aka danna maɓalli ba ta tashi nan take. Sai ta ce “ƙirr, ƙirr, ƙirr,” kamar mai tambayar wa ya aike ta, sannan ta ja dogon “wuuuu” da ba ya yankewa sai azahar. Idan guntun katako ya bi bututu ya bugi farfela, sai ka ji “tas!” ta ci gaba da aikinta ba tare da ta kai ƙara ba. Da yamma idan an kashe ta, muryar takan sauka a hankali, jakar sama ta saki kafaɗu ta rusuna. Daga nan ne muke iya jin maganar junanmu, shi ya sa ni da Yaya ba mu taɓa yin doguwar gardama a wurin aiki ba.

Marigayiya ba ta da zaɓen abinci. Farin katako, jan katako, filawud mai warin gam, duk ɗaya ne a wurinta. Ta haɗiye fensiran Yaya da ba su ƙirguwa, ta haɗiye hularsa sau biyu, ta haɗiye tef ɗin awo guda. Ta taɓa haɗiye takardar awon wani kabad, muka yi shi da ka, ya ƙi shiga ƙofar ɗakin mai shi, muka kwance shi a bakin titi jama'a suna ba mu shawara. Ko a ranar ba mu riƙe ta a zuciya ba. Ba ta taɓa neman hutu ba, ba ta taɓa cewa aikin wani ne ba nata ba, sai dai idan an ɗauke wuta, wannan kuma ba laifinta ba ne.

Ba a faɗin aibin mamaci, amma akwai guda ɗaya da sanarwar nan ba za ta cika ba sai da shi. Gwaggo tana riƙe manyan ɓarɓashi da amana, amma ƙurar nan mai laushi kamar hoda, wadda ido ba ya gani, tana bin ƙofofin yadin jakar sama ta dawo mana cikin shago. Idan rana ta shigo ta tagar baya sai ka gan ta tana yawo a cikin hasken. Shekara ashirin da ɗaya muna kallon wannan abu, mun ɗauka haka hasken rana yake.

Jakar saman nan tana toshewa, don haka Yaya yana da al'ada. Kullum da safe, kafin a kunna komai, sai ya ɗauko wata ƙafar kujera da ta karye tun farkon zuwanmu, ya tsaya gaban Gwaggo ya yi ta dukan jakar, dama da hagu, sama da ƙasa. Yakan ce yana buɗe mata hanci. Ƙura takan tashi har ba a ganinsa, sai ƙarar duka: bum, bum, bum. Amma kafin ya fara, sai ya miƙo mini tsintsiya.

“Fita ka share bakin shago. Ka ja ƙofar.”

Tun ina saurayi nake cewa ya bar ni in yi, amsarsa guda ce: “Hannunka nauyi gare shi, yaga ta za ka yi.” Na yi aure, na haifi 'ya'ya, furfura ta fito mini, ina yanka katakon da shi kansa yake tsoron taɓawa, amma ban kai matsayin dukan jaka ba. Abin ya daɗe yana cin raina. Bakin shagonmu kuwa ya fi na kowa tsabta a layin, har mai walda, maƙwabcinmu, yake ce mini shugaban masu shara.

Tarin Yaya ya fara ne shekara huɗu da suka wuce. Ya ɗora wa ruwan sanyi laifi, ya ɗora wa fanka, ya ɗora wa turaren matarsa. Wata biyar da suka wuce, matakala uku na ƙofar shago suka gagare shi hawa a tashi ɗaya. Likita ya ɗauki hoton ƙirjinsa ya ce huhun ya yi tabo, tabon ƙura, kuma irin wannan tabo ba ya gogewa. Da ya ji sana'armu ɗaya, ya sa ni ma aka ɗauke ni. Ya jera hotunan biyu a jikin fitila ya daɗe yana kallo.

“Ɗaki ɗaya kuke aiki?”

Na ce ɗaki ɗaya, shekara ashirin da ɗaya.

“To, kai mai sa'a ne,” in ji shi. Ni ma na karɓa a matsayin sa'a, ban ƙara tunanin abin ba.

Yaya bai tambayi magani ba, bai tambayi kwana nawa ba. Tambayarsa ɗaya: yaushe zai koma kan bencinsa. Likita ya ce idan jiki ya ɗan tsaya, kuma iskar shagon ta zama mai tsabta ta gaske, zai iya zama awa biyu a rana, ya yi aikin hannu marar ƙura. Wannan awa biyun ita muka riƙe, ni da shi da matarsa, ita ce muke tashi da ita muna kwana da ita.

Ranar da ya bar shago ya tafi gida da ƙafar kujerar. Ya ce, “Kada ka taɓa jakar nan sai na dawo.” Na ce to. A raina na ce mutum yana numfashi da ƙyar amma har yanzu bai yarda da hannuna ba.

Daga nan ya tsiri wata al'adar. Kullum ƙarfe takwas sai ya kira ni, in ɗaga waya saitin Gwaggo, in danna maɓalli. Ya ji “ƙirr, ƙirr, ƙirr,” ya ji “wuuuu,” ya ce, “To, madalla,” ya kashe wayar. Matarsa ta ce mini a wannan lokacin ne kawai yake tashi zaune ba tare da an ce ya tashi ba.

Jakar da ba a duka kuwa ta ci gaba da toshewa. Zuƙar Gwaggo ta ragu har garin katako yana kwanciya a bakin bututu yana kallonta. Ƙura ta rufe bencin Yaya, ina gogewa da safe, kafin la'asar ana iya rubutu a kai da yatsa. Na san babu likitan da zai bar shi ya shigo wannan ɗaki. A nan ne na yanke shawarar yi wa marigayiya gatan da ya zama ajalinta.

Akwai wani abu da masu irin aikinmu suke ƙarawa a gaban na'urarsu, suna ce masa saikulon. Babban mazurari ne na ƙarfe da ake kifawa a kan duro. Iska mai ɗauke da garin katako tana shiga ta gefensa, ta yi ta juyawa kamar guguwa, garin ya gangara cikin duro, iskar ta fita ta sama ta nufi farfela kusan wankakkiya. Mai walda ya lanƙwasa mini shi daga falange, wato fallen ƙarfe, ya yi aiki mai kyau, ba ni da abin cewa a kansa. Da a nan na tsaya, da watakila yanzu ba na wannan rubutu.

Amma sai na ƙara da tawa dabarar. Na ce tunda jakar sama ce mai dawo mana da ƙura, kuma an hana ni taɓa ta, to in kewaye ta. Na zare tiyon da ya haɗa farfela da jakunkuna, na bar su rataye a inda suke, na jona dogon bututu daga farfelar ya fita ta tagar baya zuwa fili. Na sauya bututun cikin shago da masu faɗi. Na buɗe bakunan uku gaba ɗaya. A lissafina, baiwar Allah ta shekara ashirin da ɗaya tana numfashi ta cikin tsumma, lokaci ya yi da za ta sha iska. Ban gaya wa Yaya ba. So nake ya ji da kunnensa.

Ranar Talata ƙarfe takwas ya kira. Na ɗaga waya na danna maɓalli. Ta ce “ƙirr” sau ɗaya tak, sannan ta saki wata murya mai kauri da ban taɓa ji daga gare ta ba.

“Me ka yi mata?” in ji Yaya.

Na faɗa masa a taƙaice, ina ɗaga murya don ya ji.

“Kashe ta.”

“Yaya, numfashi ta samu.”

“Na ce ka kashe ta. Wannan ba muryarta ba ce, kaya take ja.”

Tari ya sarƙe shi, matarsa ta karɓi wayar ta ce in kira anjima. Ban kashe ta ba. A iya sanina, wannan ne karo na farko da Yaya ya ce in yi abu a cikin shagon nan na ƙi yi.

Ina so a rubuta cewa minti arba'in ɗin da suka biyo baya su ne mafi kyau a rayuwar marigayiya. Na tura katako a injin kankarewa, ɓarɓashi bai taɓa ƙasa ba. Na goga samfefa, ban yi atishawa ba. Ina jin garin katako yana zagaya mazurari, “shiii,” yana sauka cikin duro. Rana ta shigo ta tagar baya, na tsaya na kalli hasken, babu komai a cikinsa. Na shafa bencin Yaya, yatsana ya fito fes. Har na jawo masa kujerarsa na gyara mata zama.

Sai na ji wari irin na roba a wuta. Muryarta ta sauka ta koma “gurrr,” ta yi kamar za ta tashi, ta ce “fat,” siririn hayaƙi ya fito ta bayanta. Farfela ta ci gaba da juyawa ita kaɗai na ɗan lokaci, sannan ta tsaya. Na zare soket, na zauna a kujerar da na jawo.

Mai rewaya, wato mai gyaran injinan lantarki, ya zo da azahar, ya buɗe ta, ya sansana, ya dubi bututun da ya fita ta taga, ya dube ni.

“Malam, kai a zatonka sauke mata kaya ka yi,” in ji shi. “Farfela irin wannan, iska ita ce kayanta. Jakar da ta toshe ita take rage mata. Ka buɗe mata gaba ka buɗe mata baya, ta ɗauki abin da ko a ƙuruciyarta sai ta yi nishi.”

Ya nuna mini wani ɗan akwati da ya kamata ya yanke wuta idan ta yi zafi. An tsallake shi da guntun waya, an naɗe da salatef tsaf-tsaf. Na gane naɗin, hannun Yaya ne, tun shekarun da akwatin yake tsayar mana da aiki a tsakiyar yanka. Saboda haka laifin na gida ne, mun raba shi ni da shi, sai dai kasona ya fi yawa. Garin gyaran gira na rasa ido. Na tambayi mai rewaya ko za a sake naɗa koyil. Ya ce an naɗa sau biyu a baya, wannan karon har ƙarfen ciki ya ci wuta. “Ku bar ta ta huta,” in ji shi, ya tattara kayansa.

Marigayiya ta rasu ta bar injin zarto, wanda tun ranar yake watsa gari a fuskar duk wanda ya kusance shi, da injin kankarewa da ban ƙara kunnawa ba. Ta bar bututu uku da bakunansu a buɗe. Ta bar saikulon, angon minti arba'in, yana tsaye a kan duronsa ko kwarzane babu, yana jiran wata farfelar da za a haɗa shi da ita, domin shi ba a same shi da laifi ba. Ta bar jakunkuna biyu, ta saman a rusune da ƙurar wata biyar a jikinta. Ta bar tsintsiya, abokiyar aikinta, wadda yanzu komai ya dawo kanta. Ta bar ni. Ta kuma bar Yaya.

Ranar Laraba ƙarfe takwas ya kira. Na ɗauka, na ɗaga wayar saitin kusurwa kamar kullum. Ya saurara kusan minti ɗaya. Ya ce, “To,” ya kashe.

Ranar Alhamis na kai shi ganin likita. Aka sa shi hura wani bututu, aka sa shi tafiya a baranda ana auna iskar jininsa ta yatsansa. Ina ta ba likita labarin saikulon, yadda hasken taga ya fito babu komai a ciki, da cewa nan da mako biyu zan haɗa sabuwar farfela da ta dace, iskar shago za ta fi ta ofishinsa tsabta. Ya bar ni na gama. Ya ce in yi hakan, zai amfane ni. Sannan ya juya ga Yaya ya ce maganar awa biyu a bar ta. Ba a mako biyu ba, ba kuma bayan haka ba. Yaya ya gyaɗa kai kamar an gaya masa katakon da ya yi oda bai iso ba. Ni kuma na tsaya ina karanta takardar da ke manne a bango, ta yadda ake wanke hannu, na karanta ta har ƙarshe.

Yanzu akwai wata na'urar a gefen gadonsa, mai ba shi iska ta siririn tiyo a hanci. Tana cewa “fuu, tsss,” dare da rana. Ya riga ya gaya wa matarsa cewa boris ɗinta, ƙarfen da injinta yake juyawa a kai, ba zai kai baɗi ba.

Game da jana'iza, za a yi ta gobe Asabar da ƙarfe tara na safe a shago. Masu sayen tsohon ƙarfe za su zo da motarsu. Mai walda ya ɗauki nauyin yanke ƙusoshin da suka riƙe ta a ƙasa. Yaya zai halarta, amma daga cikin mota, a tsallaken titi, gilashi a rufe, kamar yadda likita ya yarda.

Yau da hantsi na je gidansa jin ko yana da abin cewa a kan tsarin. Ya sa matarsa ta ɗauko ƙafar kujerar daga ƙarƙashin gado, ya ce a saka ta a motar tare da Gwaggo, kada a bar ta a shago. Sannan ya yi bayanin jakar sama, yana tsayawa yana jan numfashi tsakanin kalmomi. Ya ce a jiƙa ta da ruwa sharkaf kafin a taɓa ta. Wanda zai kwance ta ya ɗaura takunkumi. Kada a kakkaɓe ta, a naɗe ta yadda take.

“Kai kuma,” in ji shi, “ka fita ka share bakin shago. Ka ja ƙofar.”

Na ce, “Yaya, jakar nan bola za ta. Ko na yaga ta, me ya rage?”

Ya daɗe yana kallona, na'urar gefen gado tana ta nata aikin.

“Hannunka lafiyarsa ƙalau,” in ji shi. “Tun kana yaro ya fi nawa laushi. Kai Baba ya bar mini amana, bai bar mini jaka ba.”

Matarsa ta tashi ta fita, ta ce ta bar ruwa a wuta. Na tuna hotuna biyu a jikin fitila, da likita yana ce mini mai sa'a. Na gyara masa tiyon da ya zame daga kunnensa, na ɗauki ƙafar kujerar, na ce masa sai gobe.

Ba a buƙatar kowa ya zo da komai. Ana roƙon masu halarta su tsaya daga waje har sai an fito da ita. Wanda yake son yi wa Yaya gaisuwa ya ɗaga masa hannu ta gilashi, zai gani. Ni kuma za a same ni a bakin shago, da tsintsiya, ƙofa a rufe a bayana.